Yadda ake sa lambar cuta ga matsalar magana bayan shanyewar ɓarin jiki

Duk ɗaliban da ake turo mana koyon aiki a sashen adana bayanan marasa lafiya nan Sakkwato, wuri ɗaya suke tuntuɓe. Buɗe littafin ICD-10, wato kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, kam an koya muku a aji, ba zan tsaya kansa ba.

Fara da tambayar fayil ɗin: shanyewar sabuwa ce, ko mutum ya dawo ne da abin da ta bar masa? Sabuwa, I63 in jijiya ta toshe, I61 in jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. In likita ya rubuta cewa ragowar tsohuwa ce, ko ta shekara ko fiye, sai I69.3 na toshewa, I69.1 na zubar jini. Mutanen karkara da yawa ba su da kuɗin hoton ƙwaƙwalwa. In ragowar tsohuwa ce, ba hoto, likita kuma bai fayyace toshewa ce ko zubar jini ba, sa I69.4, kada ka yi hasashe.

Sai maganar kanta, inda na taɓa shan kunya. Wani dattijo daga wajen Gwadabawa, rubutun likita kamar tafiyar tsutsa, na karanta dysphagia alhali dysphasia ne. Mai g wahalar haɗiya ce, R13. Mai s matsalar magana ce, R47.0. Harafi ɗaya, na mai da mutumin da ke shan furarsa lafiya lau wanda ba ya iya haɗiya. Tun ranar, in ban ga harafin ƙarara ba, fayil a hannu nake bin likita har ɗakin marasa lafiya.

R47 ɗin ma iri-iri ne. R47.0 na wanda kalmomi suka ɓace wa: yana son ruwa ya ce takalmi, ko a yi masa magana bai gane ba. R47.1 na wanda ya san abin da zai faɗa, harshe da leɓe ne suka ƙi. 'Yan uwa duka biyun "bakinsa ya yi nauyi" suke ce musu, don haka bayaninsu ba hujja ba ne.

A jeri, R47 a gaba, I69 ta biyo baya.

In ka nema a Google za ka ga I69.320 mai haɗe biyun. Wannan ICD-10-CM ne na Amurka, ba ya cikin littafin Hukumar Lafiya ta Duniya. Tambayi shugaban sashe wanne kuke bi kafin ka kwafa.