Yadda Nake Ɗinka wa Jariran Danginmu Bargo da Hannu

Bargon da na fara ɗinkawa da hannu na ɗiyar yayata ne, kuma har yau ina tuna ranar da aka nuna mini shi bayan wankin farko. Jan ƙyallen da na jera a tsakiya ya zuba ya rine fararen da ke kewaye da shi, wasu ƙyallayen kuma sun tsuke sun ja ɗinkin ya tattare. Wata biyu na yi ina aikinsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don burina yarinyar ta yi zama da rarrafe a kansa.

Tun daga ranar, duk bargon da zan ɗinka wankinsa nake fara tunani kafin adonsa. Bargon yaro zai sha tumbuɗi da fitsari da jan ƙasa, za a wanke shi ba adadi. Idan uwar ta ga ba zai jure ba, ninke shi za ta yi ta ajiye a akwati, ni kuwa ba don akwati nake ɗinki ba. Ga yadda nake haɗa mai tsawon santimita 100 da faɗin 80, da allura da zare kawai, babu keke.

Yadin auduga zalla za ki nema, mara kauri sosai, irin na rigar maza. Na fi son in bi 'yan'uwa in karɓi tsofaffin kayansu: rigar uban yaron, wata ta kakarsa, guntun yadin da ya rage a ɗinkin uwar. Amma kowane tsohon yadi sai na ɗaga shi a hasken rana. Inda haske ke ratsowa, wurin ya mutu, kada ki sa shi ko da kina ƙaunarsa. Wuya da gwiwar hannu su ke fara cinyewa, bayan riga da ƙasanta kuwa galibi suna da sauran ƙarfi. Matan Bangladesh da yankin Bengal na Indiya sun daɗe suna jera tsofaffin zannuwansu su bi su da ƙananan ɗinki, su mayar da su mayafin da suke kira kantha. Ke nan tsohon yadi ba abin rainawa ba ne. Abin da ba na sawa ko kaɗan shi ne yadi mai talewa, domin ba ya zama lafiya kusa da auduga.

Kafin almakashi ya taɓa komai, ki wanke duka, sabo da tsoho. Sabuwar auduga tana tsukewa a wankin farko, gara ta yi tsukewarta kafin a ɗinka ta. Ja da baƙi da shuɗi mai duhu ki jiƙa kowanne daban a ruwan ɗumi tare da guntun farin ƙyalle. Idan farin ya ɗauki launi, ki sake wankewa. Idan bayan wanki uku yana nan yana zuba, ki haƙura da shi. Bayan sun bushe ki goge su tas.

Ki yanki kwali mai tauri guda biyu, duka murabba'i. Ƙaramin santimita 10 kowane gefe, babban 11.2. Da babban za ki zana layin yanka, da ƙaramin ki zana layin ɗinki a tsakiyarsa, a bayan yadin, da fensir mai tsini. Ratar milimita 6 da ta rage a kowane gefe ita ce bakin ɗinki. A yadi mai duhu siririn ragowar sabulu ya fi mini fensir, yana fitowa fari kuma wanki ɗaya ya tafi. Ki daidaita gefen kwalin da yadda zaren saƙar yadin ya miƙe, saboda ƙyallen da aka yanka a karkace yana talewa a hannu, ba zai yarda ya haɗu da ɗan'uwansa daidai ba. Ƙyalle 80 kike bukata: layi goma, kowane layi guda takwas. Bakin kwali yana cinyewa da yawan zane, don haka in kin ga kusurwarsa ta fara mutuwa ki yanki sabo.

Ƙyallen da zai ɗauki sunan yaron shi kaɗai ba na yankewa tukuna. Ina barin sa da girma, kamar santimita 20, don zoben katakon da ke ɗame yadi ya samu wurin kamawa. Ki rubuta sunan a takarda da manyan haruffa, ki manna ta a gilashin taga da rana, ki ɗora yadin a kai ki bi rubutun da fensir a hankali. Zaren ado mai sheƙi, irin na kamfanin DMC, sili shida ne a murɗe. Biyu sun isa rubutu. Ki zaro su ɗaya bayan ɗaya sannan ki haɗa, in kika ja biyun lokaci guda za su cukurkuɗe. Ɗinkin da ya fi dacewa da haruffa shi ne mai komawa baya: ki fito da allura milimita 3 gaba da inda kika tsaya, ki koma ki soka ta a ramin ƙarshe, ki sake fitowa gaba. A wurin lanƙwasa ki rage tsawonsa, idan ba haka ba harafin zai yi kusurwa-kusurwa. Kada ki tsallaka da zare ta baya daga wannan harafi zuwa wancan, zai nuna ta cikin farin yadi. Ba na yin adon cike mai dogayen zare a bargon jariri, domin 'yan yatsunsa na iya maƙalewa. Maɓalli da duwatsun ado kuwa babu su sam, yaro komai baki yake kaiwa. Sai kin gama sunan ki ɗora kwalin ki yanke.

Yanzu ki shimfiɗa ƙyallayen a ƙasa ki jera yadda kike so. Ki ja da baya ki duba, kada masu duhu su taru gefe guda. Ni nakan ɗauki hoto da waya, saboda da zarar na tattara sai tsarin ya ɓace mini.

Wajen haɗawa, ki kifa ƙyalle biyu fuska da fuska, ki soka fil a kusurwar layin fensir na sama ya fito daidai a kusurwar na ƙasa, haka a ɗaya ƙarshen. Zaren kada ya wuce tsawon daga yatsunki zuwa gwiwar hannu, wajen santimita 45. Wanda ya fi haka yana ƙullewa, kuma yana sanyi saboda yawan ratsa yadi. Ki ja shi a kan kakin zuma sau biyu. Ki bi layin da ƙananan ɗinki na milimita 2 zuwa 3, daga kusurwa zuwa kusurwa, kina komawa baya sau ɗaya bayan kowane santimita 2 ko 3. Wannan komawar ita ke riƙe bargon: ko zare ya tsinke wata rana, ɓarakar ba za ta zarce nan ba. Ki gama layuka goman, sannan ki haɗa layi da layi. Da dutsen guga ki kwantar da bakin ɗinkin layin farko zuwa dama, na biyu zuwa hagu, haka har ƙarshe, don mahaɗar ta kwanta ba tudu. Dannawa ake yi a ɗaga, ba a jan dutsen, ja yana karkatar da murabba'in.

Bargon hawa uku ne: fuskar da kika haɗa, cikon auduga a tsakiya, da yadin baya. Cikon ki zaɓi siriri, allura ta fi ratsa shi kuma ya fi saurin bushewa. Shi da yadin baya ki yanke su santimita 90 da 110, domin ɗinki yana jan su ciki. Ki shimfiɗa yadin baya a kife a ƙasa mai santsi, ki manne gefunansa da salatif ya miƙe ba tare da kin ɗame shi ba, ki ɗora cikon, sannan fuskar. Daga tsakiya zuwa waje ki bi su da manyan ɗinkin wucin gadi da farin zare, layi-layi, ratar faɗin tafin hannu. Aiki ne mai cin baya, amma wanda ya yi masa ha'inci zai tarar da bayan bargonsa ya tattare.

Nan ne muka zo wurin da na fi so, wato ɗinkin da ke ratsa hawa ukun. Allurarsa gajera ce mai ƙarfi, lamba 8 ta dace da mai koyo. A lambobin allura, yawan lambar shi ne ƙanƙantarta, don haka lamba 10 ta fi 8 ƙanƙanta. Ki sa hular yatsa ta ƙarfe, wadda ke kare yatsa daga sukan allura, a yatsanki na tsakiya. Kwana biyun farko za ki ji ta tsaya miki, daga baya ba za ki iya ɗinki babu ita ba. Tsarin da nake bi shi ne layi daga kusurwa zuwa kusurwa a kowane murabba'i, ta ɓangarorin biyu, sai ratar layukan ta kama wajen santimita 7. Wannan ya isa ya hana audugar ciki dunƙulewa a wanki. Layin nakan shata shi da rula da bayan allura, shatar tana nan har in gama, babu fensirin da zan goge.

Ba a barin ƙulli a waje. Ki yi ƙaramin ƙulli a ƙarshen zaren, ki soka allura a fuskar bargon santimita 2 daga inda za ki fara, ki bi ta cikin audugar ba tare da kin huda baya ba, ki fito a kan layin. Sai ki ɗan fizgi zaren, za ki ji ƙullin ya faɗa ciki ya ɓuya. Hannunki ɗaya yana ƙarƙashin bargon. Ki tsayar da allurar ki tura ta da hular yatsa, da kin ji tsininta ya taɓa yatsan ƙasa sai ki kwantar da ita ki turo ta sama, babban yatsanki yana danne yadin a gabanta. Ki ɗauki ɗinki biyu ko uku a kan allurar kafin ki ja zaren. A zoben katako ki bar yadin da ɗan sanyi, in ya ɗame kamar ganga allurar ba za ta yi wannan lilon ba.

Ƙwararru suna yin ɗinki goma zuwa sha biyu a inci ɗaya. Kada wannan ya dame ki, biyar ko shida sun wadatar, muddin tsawonsu ɗaya kuma kowanne ya fito a baya. Ki riƙa juya bargon kina dubawa, don sau da yawa sama yana da kyau alhali allurar ba ta kama yadin ƙasa ba. Kullum daga tsakiya ake farawa a nufi gefe. Ni rabin awa nake ba shi da safe, lokacin da ido ke gani sosai, kuma da na ji wuyan hannuna ya fara ciwo nake ajiyewa. A irin wannan zaman nakan yi wa yaron addu'a.

In kin gama, ki zare ɗinkin wucin gadi, ki datse cikon da yadin baya su zo daidai da fuskar. Kewayen bargon santimita 360 ne, don haka ki tanadi siririn yadi mai faɗin santimita 6 da tsawon 390. Za ki yi ta jona guntaye, ki jona su a karkace don kada wurin ya yi kauri. Ki ninka shi biyu a tsawonsa ki goge. Ki jera buɗaɗɗen bakinsa da bakin bargon ta fuska, ki ɗinke da ɗinki mai komawa baya, milimita 6 daga baki. Idan saura milimita 6 ki kai kusurwa, ki tsaya, ki ninka shi sama, ki sake ninko shi ƙasa ya bi gefe na gaba, ki ci gaba. Sannan ki juya shi baya ki kama da ƙananan ɗinki a ɓoye, kusa da kusa. Bakin bargo shi ke fara yagewa, shi ya sa nake ninka shi biyu, kuma ba na gaggawa a nan ko da na ƙosa in gama.

A wata kusurwa ta baya ina ɗinka ɗan ƙyalle mai ɗauke da shekarar da kuma kalmar "daga Goggo", ko "daga Inna", gwargwadon yadda yaron zai kira ni. Sai in wanke bargon da kaina da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, in shanya shi a kwance a inuwa, don in ga da idona babu abin da ya zuba ko ya ɓarke kafin ya bar hannuna.

Ranar da zan miƙa shi ina gaya wa uwar abu biyu. Na farko, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana gargaɗin kada a sa bargo ko wani abu mai laushi a makwancin jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, saboda zai iya rufe masa hanci yana barci. Don haka a wannan shekarar a shimfiɗa masa a ƙasa ya yi wasa a kai, ido na kansa. Na biyu, ta wanke shi duk lokacin da ya yi datti, in wani wuri ya ɓarke ta aiko mini da shi. Bargon ɗan ƙanena na huɗu an dawo mini da shi sau biyu in gyara bakinsa, yanzu yana ɗakin ƙanwar yaron.