Zaman haya a gidan 'yan Hindu: murti, maigida da takardunka

Layin waya, canjin kuɗi, hawa Metro, wato jirgin ƙasa na cikin gari, da sanin inda ake sayar da naman halal, duk wannan mako guda a Indiya ya ishe ka. Jama'armu da ke Delhi, Greater Noida, Bangalore da Hyderabad ba sa barin baƙo ya kwana a filin jirgi, wannan kam sai godiyar Allah. Inda sababbin zuwa ke yin tuntuɓe shekara da shekaru shi ne wajen maigidan haya, kuma sau da yawa rigimar daga wata 'yar kanta take farawa, wadda baƙo bai ma ɗauke ta a bakin komai ba.

Ka duba kusurwar falo, ko gefen kicin, ko wani alkuki a bango. Za ka ga ɗan akwatin katako ko na farin dutse mai kamar ƙaramin ɗaki, an shimfiɗa jan ƙyalle a ciki. A kan ƙyallen akwai siffofin tagulla biyu ko uku, tsawonsu bai wuce taƙi ɗaya ba, goshinsu da ɗigon jan gari, ga furanni ruwan ɗorawa a ƙafafunsu. A gaba akwai 'yar fitila mai lagwanin auduga da ake zuba wa man shanu, da ƙaramar ƙararrawa, da tokar turaren tsinke. Wannan wuri suna ce masa mandir, siffofin kuma murti. Riƙe kalmar nan, ita za ka faɗa a gabansu. Wadda muke cewa a gida ka bar ta tsakaninmu, kuma takwararta ta Turanci ma wasunsu ba sa son ji.

Tagullar suna kiranta pital, haɗin jan ƙarfe ne da tutiya. Sun fi son ta don tana jure wanka kullum da ruwa ko madara, kuma tana kaiwa jikoki. Moradabad da Aligarh a jihar Uttar Pradesh sun yi suna wajen aikinta. A kudu kuwa, maƙeran Swamimalai ta jihar Tamil Nadu har yau da kakin zuma suke fara fitar da siffar, su lulluɓe ta da yumɓu, su narkar da kakin, sannan su kwarara narkakken ƙarfe a gurbinsa, kamar yadda aka yi tun zamanin sarakunan Chola.

A imaninsu, muddin murti yana shagon mai sayarwa, haja ce. Da zarar an kawo shi gida an yi masa addu'o'in girkawa, wanda cikakkensu ake kira prana pratishtha, to ya zama mazaunin abin bautarsu, kuma babban baƙon gidan. Shi ya sa uwargida ba ta kusantarsa sai ta yi wanka. Ta tashe shi da ƙararrawa, ta kunna fitila, ta ajiye masa abinci kafin kowa ya ci, da yamma ta sake zagaya fitila a gabansa, abin da suke kira arti. Tsayuwar da suke yi ido cikin ido da shi sunanta darshan, wato su gan shi, shi ma ya gan su. Mai kan giwa da ɗan ɓera a ƙafarsa shi ne Ganesha, da shi suke buɗe kowane sabon al'amari. Haurensa ɗaya a karye ake ƙera shi, kada gabanka ya faɗi ka zaci kai ka yi ɓarna. Mace a kan fure mai kama da na bado, tsabar kuɗi na zuba daga tafinta, Lakshmi ke nan, ta arziki, ita ake yi wa hidima a daren Diwali, bikinsu na fitilu. Mai busa sarewa Krishna ne. Idan ka ga jariri mai rarrafe an sa masa 'yar riga har da ɗan gadonsa, Krishna ne yana yaro, suna ce masa Laddu Gopal, kuma renonsa ake yi kamar ɗan cikin gida: wanka, sutura, ci, barci, har rigar sanyi a watan Janairu. Gidan da ke da shi ya fi kowane tsanani a kan tsarki. Alamar swastika da ke bakin ƙofa kuma ta fatan alheri ce, ta girmi Hitler, wanda ya mayar da irinta tambarinsa, da dubban shekaru.

Ba wanda ya ce ka yarda da ko ɗaya daga cikin wannan. Amfanin saninsa shi ne takardunka a hannun mai wannan mandir ɗin suke. Duk wanda ya saukar da ɗan ƙasar waje, otal ne ko mai gida, wajibi ne ya cika takardar sanar da hukuma da aka fi sani da Form C cikin awa 24. Wanda bizarsa ta karatu ko ta jinya ta wuce kwana 180, dole ya yi rajista da ofishin FRRO, mai rajistar 'yan ƙasashen waje, cikin kwana 14 da sauka, kuma za a nemi shaidar inda yake zaune. Yarjejeniyar haya, wadda bisa al'ada ta wata 11 ce, da takardar kuɗin wuta, da tantancewar 'yan sanda, duk sai maigida ya ba da haɗin kai. Ka ɓata masa rai a kan abin da ya fi daraja a gidansa, ba sai ya ɗaga murya ba. Ya ja ƙafa kan sa hannu ɗaya, kai ne za ka yi ta zarya lokacin sabunta biza, ga kuɗin ajiyarka a aljihunsa, wanda a Bangalore kan kai hayar watanni da yawa.

Saboda haka a gama magana kafin kuɗi ya fita. Ranar duba ɗaki ka leƙa kowane alkuki da saman kabad. In akwai murti ko hoto, ka ce wa dillali ko maigidan kai tsaye: "Uncle-ji, ni Musulmi ne, a ɗakin nan zan riƙa salla, kuma ban san yadda ake kula da wannan ba, ina tsoron in yi kuskure. Don Allah ku mayar da shi wurinku." Yawancinsu daɗi za su ji, don su ma ba sa son a bar shi ba mai kunna masa fitila. Shi zai ɗauke da hannunsa, a lokacin da ya ga ya dace. Kai kada ka taɓa. Abin da yaranmu ke yi, wanda ba ya ƙarewa lafiya, shi ne su jira dare su tattara a kwali su tura ƙarƙashin gado kusa da takalma, ko su rataya hula a kai, ko su yafa masa tawul ɗin wanka. Mai shara za ta gani, kafin la'asar uwargida ta ji. Idan ya faɗi ya guntule kuwa, abin ya wuce biyan kuɗin tagulla. Murti da ya karye ba a ƙara bauta masa, sai a kai shi kogi ko a ajiye a gindin bishiyar pipal, kuma wasu na ɗaukar karyewar a matsayin mugun nuni. In da gangan ne, dokar laifuka da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2024, kamar wadda ta gada, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ga mai wulaƙanta abin da wasu ke tsarkakewa. Ko ba dokar, aya ta 108 a Suratul An'am ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa. Hoto da bidiyon raha a TikTok ma ka bar su, maƙwabta na kallo.

Har mai son gwaninta yana shiga uku. Ya ga tagulla ta yi duhu, ya kawo soson ƙarfe da omo wai zai taimaka. Su da tsamiya da gishiri ko garin goge tagulla mai suna Pitambari suke gogewa, da hannun wanda ya yi wanka, kuma tsohon murti na gado duhun nan ma ana son sa.

A gidan da kuke tarayya da masu shi, irin wanda suke kira PG, ka tuɓe takalmi nesa da mandir, kada ka miƙe ƙafa tana fuskantarsa, kada ka ajiye jaka ko bel na fata a kai. Shukar tulsi da ke tukunya a tsakar gida ita ma tsarkakakkiya ce a wurinsu, ba wurin zubar da ruwan alwala ba ne. Ka tuna kuma alƙibla a Indiya yamma take, ba gabas da ka saba ba.

Batun nama sai a rubuta shi a yarjejeniya ƙarara. Akwai gidajen da ko ƙwai ba ya shiga, wasu har albasa da tafarnuwa ba sa sa wa a abincin da za a ajiye gaban murti. Ranar Talata, da watan Sawan wajen Yuli zuwa Agusta, da kwana tara na bikin Navratri, har masu cin nama da yawa kan dakata, don haka ƙamshin suya a lokacin tsokana ce. Naman saniya kuwa kada ma ka ambata, an haramta yanka ta a Delhi, Haryana da Uttar Pradesh. Wanda ake samu a kasuwa na ɓauna ne. Kilishin tsaraba ka yi tunani sau biyu kafin ka buɗe shi a kicin ɗin tarayya.

Za a miƙo maka alawa bayan arti, sunanta prasad, abincin da aka gabatar wa murti ne. Mafi yawan malamanmu sun ce a guje shi. Ka ɗora hannun dama a ƙirji, ka yi godiya, ka ce addininka bai ba ka dama ba, amma shayin Aunty-ji kam za ka sha. Kada ka karɓa don kunya sannan ka jefa a kwandon shara, wannan ya fi ƙin karɓa muni nesa ba kusa ba.

Idan wani ya roƙe ka ka ɗaukar masa murti a jaka zuwa wata ƙasa, ko da abokin karatu ne, ka nemi rasiɗin shago tukuna. Dokar kayan tarihi ta 1972 ta hana fitar da duk abin da ya kai shekara 100, kuma jami'in kwastan da ya ga baƙar tagulla ba rasiɗi zai iya riƙe ta, ya riƙe ka, har jirginka ya tashi.