Yadda za mu sa gwamnati ta saka gonar makaranta cikin kasafin kuɗi

Shekara goma sha tara na yi ina koyar da darasin noma a wata sakandare da ke gefen fadamar Rima a jihar Sakkwato, kuma rabin shekarun nan a kan allo na yi noman. Da alli na zana fangali, da alli na zana injin ban ruwa, yara suna kwafa a littafi, alhali da an tashi makaranta gonar albasar iyayensu mafi yawansu ke nufa. Wata rana wani yaro ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, mu yaushe za mu taɓa ƙasa?" Na rasa abin ce masa. Tun daga ranar na shiga bin ofisoshi, kuma abin da na koya a wannan zirga-zirga shi zan shimfiɗa wa malamai da iyaye.

Kada ku je wa kowa da zancen "a tallafa wa ilimin noma". Na yi hakan sau da yawa, a ce mani "in sha Allah", a ba ni ruwan sanyi, in koma gida. Ranar da abin ya canja ita ce ranar da wani dattijon ma'aikaci ya katse ni da cewa: "Malam, nawa na kuɗin?" Ban sani ba. Saboda haka ku fara da lissafi. Ku auna filin makarantar, ku je kasuwa ku tambayi farashin wayar shinge, da kalme, da iri, da taki, ku sa mai haƙa ya faɗi kuɗin rijiyar burtsatse mai sola. A rubuta komai a takarda guda, kowane abu da farashinsa da ranar da aka tambaya.

A cikin lissafin nan ruwa da shinge su ne gaba, kuma a nan nake so in daɗe. Damina a Sakkwato gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma tsakiyarta dogon hutu ke cinyewa. Shekarar da muka shuka gero da wake, mun tafi hutu gona tana kore shar, muka dawo muka tarar ciyawa ta rufe rabi, awaki sun gama da sauran. Gonar makaranta a ƙasar nan ta rani ce. Albasa ake zuba wa iri wajen Oktoba, a yi dashe bayan mako shida zuwa takwas, a cire ta kafin zafin bazara ya tsananta. Wannan ya faɗa daidai zango na ɗaya da na biyu, yaro zai ga abin tun daga iri har buhu. Ga tafarnuwa, ga tumatir da latas, ga zogale a bakin shinge. Amma ba ruwa ba rani, don haka duk takardar da ta nemi tarakta ta manta da rijiya, wanda ya rubuta ta bai taɓa riƙe gonar makaranta ba.

Sannan kada malamin noma ya tafi shi kaɗai, za a ɗauka kwangila yake nema. A kai maganar taron kwamitin SBMC na makarantar, wato kwamitin al'umma mai sa ido kan tafiyar da ita, a sa ta a rubuce cikin bayanin taro. A je gaida hakimi da takardar, a nemi Sarkin Noma ya sa hannu, shi da shugaban ƙungiyar manoman albasa ko ta shinkafa. Kada a bar iyaye mata a baya. Wata Inna da ke cikin kwamitinmu ita ta sa muka ƙara kiwon jar akuya a takardar, ta ce 'yan mata ma ai suna da rabo, kuma wannan akuya da fatarta ta yi suna har ƙasashen waje bai kamata ɗiyan Sakkwato su san ta a hoto kawai ba. Gaskiyarta.

Sai sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Firamare da ƙaramar sakandare suna ƙarƙashin SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, kuma dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilimi a matakin farko, jiha ta sa nata kason kafin ta karɓa. Hukumar UBEC, wato ta tarayya mai kula da ilimin matakin farko, tana da shirin koyar da noma a makarantu, ku tambayi sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku yadda ake shigar da makaranta ciki. Babbar sakandare kuwa ma'aikatar ilimi ce. Kowace takarda a yi ta kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa ku riƙe. Na taɓa rasa shekara guda cur saboda an ce ba a ga takardarmu ba, ni kuma ba ni da shaida.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Gwamna kan gabatar da kasafi ga majalisa a ƙarshen shekara, amma ma'aikatu suna haɗa nasu tun watanni kafin nan. Wanda ya zo a Disamba ya makara. Ku kai takarda tun cikin damina, sa'annan ku nemi ɗan majalisarku na jiha. Su 30 ne, kowane yana da mazaɓa, kuma yana zuwa gida wajen suna da ta'aziyya. Ku ce masa: "Ranka ya daɗe, layi guda muke so a kasafin ilimi, da sunan gonakin makarantu, da adadin kuɗi a gabansa." Idan aka cusa abin cikin "gyaran makarantu" gaba ɗaya, fenti da kwano za su haɗiye shi.

Za a ce maku ba kuɗi. Kada ku yi faɗa. Ku tuna masu cewa an gina dam ɗin Goronyo, akwai aikin ban ruwa na Wurno, akwai kwalejin noma a Wurno da tsangayar aikin gona a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Wa zai cika waɗannan wurare in yaro ya gama sakandare yana ganin noma wahalar da aka gudo makaranta saboda ita ce? Jarrabawar WAEC kanta tana da ɓangaren aiki a darasin noma, muna tura yara su fuskance ta da zanen alli. In kun samu dama ku shiga shirin kiran waya a Rima Rediyo ku faɗi wannan cikin ladabi, manya suna saurare.

Ganin layi a kasafi ba shi ne ganin kuɗi ba. Ana wallafa kasafin jiha a intanet, ku sa wani matashi ya nemo shafin ya buga maku shi a takarda. Bayan kowane wata uku mutum biyu daga kwamiti su koma da takardar su tambayi inda aka kwana kan sakin kuɗin. In an saki, a buɗe littafi: iri nawa aka saya, buhu nawa aka cire, nawa aka sayar, a karanta a gaban iyaye. Littafin nan shi za ku ɗauka ku koma da shi baɗi, tare da ɗalibai biyu da kwandon albasar da suka noma da hannunsu.