Babi na 6: Yadda Ake Rubuta Taken Talla da Kan Labari

Darasi na 1: Sunan kaya tukuna

Take shi ne layin farko, mai manyan baƙaƙe, da ke saman allon talla. Wanda ke wucewa cikin raksha (babur mai ƙafa uku) a kasuwar Gadarif ta Sudan layi ɗaya kawai idonsa zai kama, don haka wannan layin ne zai jawo shi.

Ɗauki allo da alli. In boko za ka rubuta, fara daga hagu. In Larabci ne ko ajami, daga dama. Kalmar farko ta zama sunan abin da kake sayarwa. Mai agashe ya fara da AGASHE. Mai riɗi ya fara da RIƊI. Mai ɗinki ta fara da ƊINKI.

A nan aka fi tuntuɓe. Mun taso da sallama kafin magana, shi ya sa hannu ke son rubuta "Assalamu alaikum jama'a, muna sanar da ku cewa". Tarbiyya ce mai kyau, amma kafin a kai ga sunan kayan allo ya cika, mai saye kuma ya wuce. Ajiye sallama a bakinka sai ya iso gabanka. A allo, sunan kaya tukuna.

Bayan suna, ƙara abu ɗaya da mai saye ke son sani: lokaci, ko wuri, ko farashi.

AGASHE MAI ZAFI BAYAN MAGARIBA
RIƊI FARI, BUHU DA KINTARI
ƊINKIN KAYAN SALLAH, KWANA 4

Ƙirga kalmomin da yatsu, kada su wuce 6. Yanzu ɗora yatsa kan kalmar farko. Sunan kaya ne? Madalla, hannunka ya fara faɗawa. In ba shi ba ne, goge, ba abin kunya ba ne. Sake farawa da sunan kaya.

Sai ka ja baya taku 10 ka duba. In ba ka iya karantawa, ƙara girman baƙaƙen, ka rage kalmomi. Farashi kuma da alli ake rubuta shi, ban da fenti, tunda kuɗin kaya a Sudan ba ya zama wuri ɗaya. Kada ka cakuɗa lambobin boko da na Larabci: biyar ta Larabci kamar sifilin boko take, sai a yi ta gardama.

Haba malamai da iyayenmu mata! Har yanzu ana kawo allo da "Sanarwa! Sanarwa!" a sama. Sanarwar me? Wanda bai yi aikin gida ba kada ya ce darasi ya yi wuya. A goge, a sa sunan kaya a farko.

Darasi na 2: Kan labari

Faɗi wa ya yi, da abin da ya yi. "Labari mai muhimmanci" bai gaya wa kowa komai ba. Rubuta: MANOMAN MAI WURNO SUN FARA GIRBIN DAWA. Kada kan labari ya faɗi abin da babu shi cikin labarin.

Darasi na 3: Talla a WhatsApp

Ƙa'idar ɗaya ce. Sunan kaya a layin farko, hoto ɗaya, lambar waya a ƙasa.

Aikin gida: rubuta take 3, ka ja layi ƙarƙashin kalmar farko ta kowanne.