Yadda Ake Tantance Ɗigon Furanni na Maganin Tsoro Kafin a Saya

In aka tallata maka ƙaramar kwalba mai murfin ɗigawa, aka ce ruwan furanni ne na maganin faɗuwar gaba da firgici, fara da sanin abin da ke cikinta. Wani likita ɗan Ingila, Edward Bach, shi ya ƙirƙiro iri 38 kafin rasuwarsa a 1936. Ya ware furen Mimulus don tsoron abin da aka sani, kamar duhu ko asibiti, Aspen don fargabar da ba a san dalilinta ba, Rock Rose kuma don razana. Wanda ya fi shahara, Rescue Remedy, haɗin furanni biyar ne.

Ana zuba furen a kwanon gilas mai ruwa, a bar shi a rana awa uku ko a tafasa shi rabin awa, a tace, a haɗa da barasar birandi rabi da rabi. Daga wannan ake ɗibar ɗigo biyu kacal a sirka a wata kwalba. Kafin ta iso hannunka, abin da ya rage na furen bai taka kara ya karya ba.

Don haka juya kwalbar ka karanta. Yawancinsu na ɗauke da barasa wajen kashi 27 cikin ɗari, abin da Musulmi ya kamata ya sani tun kafin ya biya. Akwai waɗanda aka yi da gilsarin maimakon barasa. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In babu, mayar wa mai tallar kayansa.

Masu yin sa sun ce a zuba ɗigo biyu a kwalbar ruwa mai mililita 30, a sha ɗigo huɗu sau huɗu a rana. A zafin Kano wannan haɗin yana saurin lalacewa in ba a firiji yake ba, musamman idan bakin abin ɗigawar ya taɓa harshe.

To yana aiki? A 2010 Farfesa Edzard Ernst ya tattara gwaje-gwaje bakwai da aka yi a kan mutane, ciki har da ɗalibai masu fargabar jarrabawa. Inda aka kwatanta ɗigon da ruwa mai kama da shi wanda babu fure a ciki, ba a ga bambanci ba. Sauƙin da mutum ke ji na gaske ne, amma daga sa rai yake zuwa, da ɗan tsayawar da yake yi yana ƙirga ɗigo. Illar ɗigon ba ta da yawa. Inda ake cutuwa shi ne jinkiri: a yi watanni ana ɗigawa alhali ciwo na cin mutum.

Bugun zuciya da rawar hannu kan taso daga ƙarancin jini, ko ciwon maƙoƙo irin wanda ke sa ayyukan jiki sauri fiye da kima, ko yawan goro da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari, ko daina tiramol farat ɗaya. Rage goro da shayi na mako biyu, kana rubuta ƙarfin fargabar kowace rana daga 0 zuwa 10. Idan ta taso, ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, har tsawon minti biyar.

In fargabar ta hana barci, ko zuwa kasuwa, ko tsayawa a sahun jam'i, je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau, tare da kwalbar da takardar da ka rubuta. Addu'a ba ta hana neman magani. Akwai jinya ta tattaunawa da ke koya wa mutum fuskantar abin da yake tsoro sannu a hankali, akwai kuma ƙwayoyin da sai an yi mako biyu zuwa shida kafin su fara aiki, kada a yanke su don ba a ga canji a kwana uku ba. Kada ka sayi ƙwayar kwantar da hankali ta diazepam a kemis ba da takardar likita ba, jiki na saurin sabawa da shi. Ciwon ƙirji mai tsanani ko tunanin kashe kai kuwa, sashen gaggawa ake kai su a ranar.