Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓar taraktar da za ta juya bututun loda hatsi

Bututun loda hatsi dogon bututu ne mai murɗaɗɗen ƙarfe a ciki, wanda ke kwasar masara ko dawa daga ƙasa ya zuba a rumbun ƙarfe ko a bayan mota. Tarakta ba jansa take yi ba lokacin aiki. Tsaye take wuri guda, sandar PTO da ke bayanta, wato ƙarfen da ke kai ƙarfin injin ga bututun, ce kawai ke juyawa, wani lokaci tun safe har la'asar. Yawancin kurakuran daga mantawa da wannan suke tasowa.

Na farko, kuma wanda ya fi cin kuɗi, shi ne dogaro da ƙarfin da aka rubuta wa injin. Massey Ferguson 375 da ake yawan gani a gonakin Arewa injinta na da ƙarfin doki kusan 75, amma abin da ke fitowa ta PTO ya gaza haka, domin giya da famfon haidirolik suna cinye wajen kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. In tarakta ta tsufa, ya ƙara raguwa. Masu ƙera bututun kuwa ƙarfin PTO suke nufi a takardarsu. A ƙiyasi, bututu mai faɗin inci 8 da tsawon ƙafa 30 zuwa 40 kan wadatu da doki 20 zuwa 30. Mai inci 10 da ƙafa 60 zuwa 70 kan nemi 50 zuwa 60. Mai inci 13 kuwa sai wajen 100. Sannan ka bar rara a kai. Hatsi mai danshi ya fi busasshe nauyin turawa nesa ba kusa ba, kuma duk yadda ka ƙara miƙe bututun sama, abin da yake zubarwa a awa raguwa yake. Masarar da aka busar zuwa danshin kashi 13 ko 14 tana gudu sumul. Wadda aka yi gaggawar cirewa a ƙarshen damina kuwa, za ka ji muryar injin ta sauya, baƙin hayaƙi ya fara fita.

Akasin haka ma kuskure ne. Ƙatuwar tarakta a kan ƙaramin bututu asarar dizal ce, kuma in wani abu ya maƙale, ƙarfinta zai murɗe ƙarfen ciki kafin direba ya ankara.

Sai gudun PTO. Iri biyu ne sanannu: mai juyi 540 a minti, wanda bakinsa ke da haƙora 6, da mai juyi 1000, mai haƙora 21 ko 20. Ƙirga haƙoran kafin ka biya kuɗi. Akan sami mai sayo mahaɗi ya ɗaura bututun 540 a kan tarakta mai 1000, yana cewa ai zai rage totur. Rage totur rage ƙarfi ne, ranar da wani yaro ya ƙara shi kuma, giyabos ɗin bututun ya tafi, hatsin ya farfashe. A agogon injin akwai alamar inda PTO ke kai 540, nan ake ajiye allura in bututun ya cika.

Wasu tsofaffin taraktoci in ka taka kuloci PTO tsayawa yake, shigarsa kuma da fizga. A fi son wadda PTO ɗinta ke da nasa kulocin, a shigar da shi a hankali injin na ƙaramin totur. Kada a kashe bututu cike da hatsi in ba dole ba: a tsayar da zubi, a bar shi ya amayar da na cikinsa. Tayar da shi a cike shi ke karya ƙusar kariya. Ita wannan ƙusa da gangan aka yi ta mai rauni don ta karye a madadin giyabos. Bakaniken da ya musanya ta da ƙarfe mai tauri, ko ya bi ta da walda don kada ta sake damunsa, gyaran gangar auzinawa ya yi. A ajiye guda biyar irin wadda kamfani ya ce a akwatin kayan aiki. Barinsa yana juyawa fanko na dogon lokaci ma cinye ƙarfen ciki yake, balle in shanshera ake lodawa, wadda ƙaiƙayinta ke goge ƙarfe kamar sanfefa.

Manyan bututai da haidirolik ake ɗaga su, don haka duba ko taraktar na da bakin haɗa tiyo a baya. Da yawa sai an kawo kaya gona ake gano babu.

Tsayuwar taraktar kanta abin lura ce. Ta daidaita da bututun yadda sandar za ta miƙe, domin karkata mai yawa na cinye kuros, wato gaɓar da sandar ke lanƙwasawa, sai ka ji kakkarwa. Sassan sandar biyu su shige juna aƙalla kashi ɗaya cikin uku, kada kuma su ƙure. A ja birki, a sa waji a tayoyi. Tunda ba tafiya take ba, ƙura da ƙaiƙayi kan toshe lagireto, musamman da hunturu. A ajiye ta ta ɓangaren da iska ke tahowa, a riƙa kakkaɓe ragar gaba da matatar iska, ido na kan allurar zafi.

Sandar da ke juyi 540 a minti sau 9 take zagayawa a daƙiƙa guda. Bakin babbar riga, jelar rawani ko mayafi in ya taɓa ta, babu wanda ke da saurin janyewa. Tarakta ko sandar da aka cire wa murfin kariya ba a karɓarta sai an mayar, haka ragar da ke bakin bututun inda ake juye buhu. In za a matsa da bututun, a sauke shi ƙasa tukuna, a ɗaga kai a duba wayoyin lantarki da ke tsakanin nan da rumbun gaba.