Darasi na 9: Tanjirin na Iri da Tanjirin na Aure

Ranar Asabar, bayan mun tashi aji a unguwar Aboabo da ke Kumasi, wani dattijo ya tare ni da tanjirin biyu a hannu. Ɗaya ja wur, na kanti, daga waje aka kawo shi. Ɗayan kore shar, daga tiren wata mai talla a kasuwar Kejetia. Ya ce, "Malam, in na shuka 'ya'yan jan nan, zai yi mini ja a bayan gida?"

Na ce, "Baba, ba zai yi ba. Amma ku ɓare koren ku ji zaƙinsa."

Sanyin dare ne ke sa ɓawon lemo ya yi ja. Kumasi ba ta da irin wannan sanyi, shi ya sa namu ke nuna yana kore. A Japan akwai wani tanjirin, Satsuma, wanda in ya girma yakan jure sanyin da ke daskarar da ruwa. Kusan ba shi da 'ya'ya a ciki, don haka ta hanyar aure ake yaɗa shi, wato a ɗauki ɗan yanki daga jikin bishiyar a haɗa shi da wani dashe mai saiwa. Mu nan sanyi bai dame mu ba. Abin da ke kashe mana bishiya shi ne ruwan da ke kwanciya a gindinta, da bushewar hunturu, da awakin zango.

Shuka iri

Ku cire 'ya'yan daga lemon da ya nuna sosai, ku wanke santsin, ku shuka a ranar ko washegari. Kada ku shanya su a rana kamar masara. Irin lemo in ya bushe ƙayau, ya mutu. Ku cika leda da baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ku huda ƙasanta, ku binne irin zurfin gaɓar yatsa ɗaya. A ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa. Cikin mako 2 zuwa 4 zai tsiro. Wani lokaci ƙwaya ɗaya takan fito da tsiro biyu ko uku. Halin lemo ne, ku bar mai ƙarfin.

Sai dai bishiyar iri tana da ƙaya, kuma takan kai shekara 6 ko fiye kafin ta yi ɗa. Ta aure kuwa, shekara 3 zuwa 4 an fara tsinka. Ni dai shawarata, a shuka iri don a samu gindi, sannan a yi masa aure.

Yadda ake aure

Abu biyu ake haɗawa: gindi da ido. Gindi shi ne ƙaramin dashen da ke da saiwa. A Ghana an fi amfani da babban lemon tsami mai kaushin ɓawo, ko tanjirin da ake kira Cleopatra. Ido kuwa shi ne ɗan tudun nan da ke hammatar ganye, inda sabon reshe ke fitowa. Ku ɗauko shi daga bishiya lafiyayya wadda kun sha lemonta da bakinku. Wanda ba shi da irin wannan bishiya a kusa, ya tambayi malamin gona. Akwai kuma cibiyar binciken Jami'ar Ghana a Kade, wadda ta daɗe tana aikin lemo.

Ku jira gindin ya kai kaurin fensir. A yi aikin da damina, lokacin da ɓawo ke saki ba gardama. Ku auna taƙi ɗaya daga ƙasa, kamar santimita 20. A nan za ku tsaga ɓawon da sabuwar reza, tsaga ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance a samanta. Me kuka rubuta? Harafin T, wanda muka fara kalmar tanjirin da shi. Ku ɗaga leɓɓan tsagar a hankali. Ku fere idon da ɗan ɓawonsa, kamar tsawon farce biyu, kada yatsa ya taɓa farin cikinsa. Ku zura shi cikin tsagar, idon na kallon sama yadda yake a jikin uwarsa. Sai a naɗe da zirin leda tamau, don kada ruwa ya shiga.

Bayan mako 3 ku kwance. In idon kore ne, aure ya kama. In ya yi baƙi, ku sake a ɗaya gefen, ba a yi asarar gindin ba. Wanda ya kama, a yanke kan gindin daga saman idon, duk tohon da ya fito ƙasa da shi kuma a fizge, don kada ya shanye abincin amarya.

Dashe

A dasa a farkon damina, wajen Afrilu ko Mayu, mita 5 zuwa 6 tsakanin bishiya da bishiya. Ga kuskuren da na yi, har yau yana yi mini ciwo: na binne mahaɗar auren cikin ƙasa, wai don bishiyar ta tsaya da kyau. Shekara biyu ina ba ta ruwa. Sai na ga danƙo na tsatsowa daga gindinta, ɓawon ya ruɓe ya zagaye, ganyen ya yi ɗorawa ya zube. Ku bar mahaɗar a sarari, kada kuma taki ya taɓa jikin itacen. Da hunturu a ba ta bokiti guda sau biyu a mako, a rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa, a kewaye ta da kara ko tsohon kwando saboda awaki.

Asabar mai zuwa kowa ya zo da reza sabuwa da reshen lemo mai tsawon taƙi ɗaya. A kansa za mu koyi fere ido kafin mu taɓa dashe na gaske.